Sabbin waƙoƙin Matador suna fitowa, amma wayarka ba za ta gaya maka ba

A shekarar 2021 wani kamfanin fitar da waƙoƙi da ke birnin New York, mai suna Matador Records, ya saki kundin waƙoƙin Afrique Victime. Ya fitar da shi a faifan garmaho da faifan CD da manhajojin sauraro kamar yadda aka saba, sannan ya ƙara da wani abu: 'yan tsirarun wayoyin Nokia 6120, tsohuwar wayar nan mai madannai, an loda waƙoƙin a cikinsu. Ka sayi waya, ka tarar da kundin a ciki. Ga mai saye a Amurka wannan kayan ado ne na ajiyewa a kan kanta. Mu kuwa da muka taso muna kai katin memori wurin masu tura waƙa, muna jiran Bulutut ya kai ɗari bisa ɗari, mun san abin da ake nufi. Ta wannan hanyar mai kundin ya fara suna.

Mai kundin shi ne Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Jamhuriyar Nijar, bahagon makaɗin jita, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallako Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon da kunnenmu ya saba da shi a waƙoƙin finafinan Hausa, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Ba a fitar da kundin a kasuwa ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya riƙa yawo har ya ratsa Sahara. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙi daga memorin mutane a arewacin Mali, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a wani tarin waƙoƙi mai suna Music from Saharan Cellphones da ƙaramin kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar a 2011. Ya bi sawun mawaƙin har ya same shi. Daga Sahel Sounds ɗin ne Mdou Moctar ya koma Matador.

Abin da ya sa na jawo wannan tarihin shi ne, wayar da ke hannunka yau ta fi waccan Nokia ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ta fi ta rowa wajen kawo maka abin da ba ka sani ba. A zamanin Bulutut mutum ne ke zaɓa maka waƙa: abokinka, ko yayanka da ya dawo daga tafiya, ko mai shagon turi da zai ce "ga wata sabuwa, bari in ƙara maka". Yau lissafin kwamfuta ne ke zaɓa, wato algoridim. Ra'ayina shi ne duk mai son jin sabon abu ya daina dogara da shi kaɗai, ya koyi bin ƙananan kamfanonin waƙa masu cin gashin kansu, don su ne suka fi kama da wancan abokin. Matador zan ɗauka a matsayin misali, don shi ne wanda labarinsa ya taɓo ƙofar gidanmu.

Me suka fitar a baya-bayan nan?

A watan Mayun 2024 Mdou Moctar da abokan kiɗansa, Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim da Mikey Coltun, suka fitar da Funeral for Justice. Kiɗan rok ne na gaske, jitar lantarki mai tsananin gudu da ganguna masu zafi, amma da harshen Tamashek, kuma tsarin bugun na Abzinawa ne. Maganar da ke ciki ma ta yankinmu ce: abin da Faransa ta yi wa ƙasashen da ta mulka, arzikin Nijar da ake kwasa, da tsoron kada yaran Abzinawa su manta harshensu. An kammala naɗar kundin kafin juyin mulkin watan Yulin 2023. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, mawaƙan suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can. A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a New York suka sake kaɗa waƙoƙin da jitar da ba ta lantarki, a hankali, cikin sanyin murya. Wannan shi ne Tears of Injustice, wanda Matador ya fitar a farkon 2025.

Ka tsaya ka duba wannan shawarar ta fuskar kasuwanci. Waƙoƙi iri ɗaya, sau biyu, cikin ƙasa da shekara guda, da harshen da mafi yawan masu sayen kayan kamfanin ba sa ji. Kamfanin da idonsa ke kan abin da zai tashe a TikTok kawai ba zai ɓata lokacinsa a nan ba. Ni kuma a kunnena na biyun ya fi na farkon shiga rai, don kana jin kewar gida a cikinsa ko da ba ka san kalma ɗaya ta Tamashek ba.

A 2024 ɗin dai suka fitar da The Collective na Kim Gordon, wadda ta yi suna tun shekarun 1980 a ƙungiyar Sonic Youth. Tana da shekara 70 ta ɗora muryarta a kan bugu mai nauyi irin na 'yan gambarar zamani, ta cakuɗa shi da ƙarar jita. Ba kowa zai iya jure shi ba, ni ma ban kai ƙarshensa a zaman farko ba, amma ya kai ta takarar lambar yabo ta Grammy. A watan Fabrairun 2025 sai ga Phonetics On and On na Horsegirl, 'yan mata uku da suka fara kiɗa tare tun suna makaranta a Chicago. Nasu mai sauƙi ne, ya fi kusa da pop, kiɗan a sarari yake babu cunkoso, irin wanda za ka sa kana wanki ko kana karatu. A watan Mayu kuma Car Seat Headrest suka zo da The Scholars, kundi mai ba da labari guda daga farko zuwa ƙarshe, wanda ɗaya daga cikin waƙoƙinsa ta haura minti 18.

Wannan minti 18 ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. A Spotify ana ƙirga an saurari waƙa da zarar ta yi daƙiƙa 30 tana kaɗawa. Waƙa mai minti biyu da mai minti 18 lissafinsu ɗaya. Ma'ana, a lokacin da mutum zai ji wannan doguwar sau ɗaya, da gajeru ne da ya ji tara, an biya sau tara. Tsarin da kansa yana tura mawaƙa su gajarta waƙa, su jefo amshi tun a daƙiƙun farko kafin yatsanka ya tsallake. Duk kamfanin da ya yarda ya saki waƙa mai minti 18 ya san asara yake ɗauka a wannan ma'aunin, ya kuma yarda. Will Toledo, jagoran ƙungiyar, shi ma ta intanet ya fito. Tun 2010 yake ɗora waƙoƙinsa a shafin Bandcamp, yana naɗar muryarsa a kujerar bayan mota don kunyar a ji shi a gida, inda sunan ƙungiyar ya samo asali. A 2015 Matador ya ɗauke shi.

Kundi huɗu ko biyar ke nan da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Abin da ya haɗa su shi ne wasu mutane sun zauna sun saurara, sun ce wannan ya isa mu zuba kuɗinmu a kansa. Idan hasashensu ya yi ta kuskurewa, kamfanin zai durƙushe. Tun 1989 da Chris Lombardi ya kafa shi yake wannan cacar, kuma har yau yana tsaye.

Yadda manhaja ke zaɓa maka

Tun watan Yulin 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sabbin waƙoƙi a duniya baki ɗaya. Kamfanin Luminate, mai ƙididdigar harkar waƙa, ya nuna cewa wajen waƙoƙi 100,000 ake ɗorawa a manhajojin sauraro a kowace rana. Allon wayarka kuwa bai ɗaukar fiye da 'yan hotuna kaɗan a shafin farko. Dole wani ya tace.

Algoridim yana tacewa ne da abin da ka riga ka ji, da abin da masu irin ɗabi'arka suka ji, da ƙasar da kake. Idan kana Kano ko Kaduna, ka saurari Afrobeats sau biyu da waƙar Kannywood sau uku, to ka gama zana wa kanka da'ira. Gobe irinsu zai kawo, jibi ma haka. Ba mugunta ba ce, aikin da aka ba shi ke nan: ya riƙe ka a cikin manhajar, kada ka fita. Abin da ya fi tabbas wajen riƙe mutum kuwa shi ne abin da ya saba da shi. Shi ya sa saurayi a Sakkwato zai iya shekara yana latsa waya bai taɓa cin karo da Funeral for Justice ba, alhali mai kundin a garinsu ya fara naɗar waƙa.

Akwai kuma hannun kuɗi a ciki. Spotify na da wani tsari mai suna Discovery Mode, inda mawaƙi ko kamfaninsa zai yarda a zaftare kashi 30 cikin ɗari na abin da zai samu daga wasu nau'o'in sauraro, domin algoridim ya ƙara tura waƙarsa gaba. Kai mai sauraro ba za ka ga alama a jikin waƙar da ke nuna ta wannan ƙofar ta shigo maka ba.

Ban ce algoridim bai taɓa yin abin kirki ba. Matador kansa ya ci moriyarsa ta hanyar da ba wanda ya tsara. Ƙungiyar Pavement, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaga sunan kamfanin a shekarun 1990, tana da wata waƙa, "Harness Your Hopes", wadda su da kansu ba su ga ta isa shiga babban kundi ba, sai a matsayin ƙari ta fito a 1999. Bayan kusan shekara 20, manhaja ta riƙa jefo ta ga mutane idan abin da suke saurare ya ƙare, daga baya matasa suka ɗauke ta a TikTok, har ta zama waƙarsu da aka fi saurare a Spotify. Labari mai daɗi. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, sa'a ce, ba a iya gina sana'a a kanta. Na biyu, algoridim ya iya tono waƙar ne don wani ya riga ya biya kuɗin situdiyo, ya adana ta, ya sake fitar da ita a 2008 lokacin da babu mai nemanta. Injin bai shuka komai ba, girbi ya zo ya tarar.

"Mai cin gashin kansa" ba waliyyi ba ne

Kada a ce na zo tallar kamfani. Kalmar 'yancin kai a wannan harka ma'anarta ɗaya ce: kamfanin ba mallakar manyan nan uku ba ne, wato Universal da Sony da Warner, waɗanda ke riƙe da mafi girman kason kasuwar waƙa ta duniya. Ba ta nufin talauci, ba ta kuma nufin tsarki. Matador kansa ya taɓa haɗa gwiwa da Atlantic a 1993, ya sayar wa Capitol kashi 49 cikin ɗari a 1996, sannan masu shi suka fanso kason a 1999. Tun 2002 yana cikin rukunin Beggars Group na Landan, gidan da ya haɗa XL Recordings, inda Adele ta fitar da kundayenta uku na farko. A 2013 kundin Queens of the Stone Age da Matador ya fitar ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. Waɗannan ba masu tallar rake a bakin titi ba ne.

Kuma ba duk abin da suka fitar ne zai yi maka daɗi ba. Wasu waƙoƙin hayaniya ce zalla, wasu kuma maganganun da ke cikinsu da hotunan bidiyonsu sun yi hannun riga da tarbiyyarmu. Bin kamfani ba ya ɗauke maka nauyin tacewa da kanka.

Abin da ya fi ba ni haushi a tsarin shi ne yadda ƙaramin kamfani ke rainon mawaƙi, babba ya zo ya ɗauke. Ƙungiyar boygenius a Matador ta fitar da ƙaramin kundinta na farko a 2018. Da suka tashi fitar da babban kundinsu a 2023, wanda ya ci Grammy uku, Interscope ne ya fitar, reshen Universal. Lucy Dacus, ɗaya daga cikinsu, kundi biyu ta yi wa Matador a 2018 da 2021, na 2025 kuma a Geffen ya fito, shi ma na Universal. Ba na ganin laifin mawaƙan, kowa na neman inda zai ci gaba. Amma wannan yana nuna maka inda ake fara jin sabon abu. Idan shafin farko na manhaja kake jira, sai bayan shekara biyar za ka ji wanda mabiya ƙaramin kamfani suka daɗe da sani.

Maganar kuɗi, wadda ba ma son yi

Wani zai ce, ai kai da bakinka ka faɗa, turi ne ya fito da Mdou Moctar, to mene ne laifin in sauko da kundin daga wani shafi in tura wa abokai ta Xender? Tambaya ce mai ƙarfi. Turi ya yi masa aikin rediyo, ya sa aka san shi har ana gayyatarsa kiɗan biki. Amma daga dubban wayoyin da Anar ya shiga, ko sisi bai dawo masa ba ta hanyar turin. Kuɗin waƙar da kanta ya fara zuwa ne da aka sami kamfanin da ya neme shi, ya buga faifai, ya sayar, ya ba shi kasonsa. Suna daban, abinci daban.

Sauraro ta manhaja ma ba wani abin a zo a gani yake kawowa daga wajenmu ba. Spotify ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021. Yadda yake biya shi ne, a tara kuɗin da aka samu a kowace ƙasa, a raba wa masu haƙƙin waƙa wajen kashi biyu cikin uku gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu a ƙasar. Kuɗin wata a Najeriya bai kai dala biyu ba, a Amurka ya haura dala goma, don haka sauraronka bai kai nauyin na Ba'amurke ba. Sannan kuɗinka ba ya tafiya kai tsaye ga wanda ka saurara. Tukunya ɗaya ake zubawa, mai babban cokali ya fi kwasa. Tun 2024 kuma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ba ta samun komai daga wannan tukunyar. Mawaƙan Matador sun wuce wannan matakin, amma yaron da ke matsayin da Will Toledo yake a 2010 bai wuce ba.

Bandcamp ya sha bamban. A can sayen kundin kake yi, ka sauke shi ya zama naka, ko da data ko babu. Shafin na ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙar da aka sauke, ragowar bayan kuɗin hada-hada ya tafi ga mawaƙi ko kamfaninsa. Tun watan Maris na 2020 suka fito da wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason gaba ɗaya. Matsalarmu a nan sananniya ce: farashin da dala yake, kuma duk wanda ya taɓa gwada biyan dala da katin naira ya san yadda abin ke yi, yau ya wuce, gobe ya ƙi. Kundi guda zai iya cinye kuɗin datarka ta wata. Ba zan ce wa ɗalibi ya bar cin abinci ya sayi kundi ba. Abin da nake cewa shi ne, tsakanin sauke waƙa daga shafin sata mai cike da tallar caca, wanda ma zai iya cusa wa wayarka manhajar leƙen asiri, da sauraronta a tashar kamfanin ta YouTube ko a manhajar da ke biya ko da kaɗan ne, na biyun ya fi, kuma kusan data ɗaya suke ci.

Wannan ya shafi mawaƙanmu ma. A 2013 Sahel Sounds ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a faifan garmaho don masu saye a ƙasashen waje. Ƙaramin kamfani daga Portland ne ya ga waƙoƙin sun isa a tattara, a rubuta sunayen masu su, a adana. A gida kuwa mawaƙi shi ne kamfanin kansa, shi ne mai talla, shi ne mai bin YouTube, sauran kuma ya jira biki ko kakar siyasa.

Abin da za ka iya yi da wayarka yau

Idan ka ji kundin da ya burge ka, gangara ƙasan shafinsa a manhajar. Akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke ɗauke da shekara da sunan kamfanin da ya fitar. Yawancinmu ba mu taɓa karanta shi ba. Ɗauki sunan ka nema a YouTube da Bandcamp da Instagram, ka bi shafin. A Bandcamp kana iya sauraron yawancin kundaye kyauta na wasu lokuta kafin a nemi ka saya, kuma idan ka bi kamfani za a turo maka saƙon imel duk sanda ya saki sabon abu. A Spotify, latsa maɓallin bin mawaƙin da kansa, don jerin Release Radar da ake sabuntawa duk Juma'a yana fifita waɗanda kake bi. Da haka kai ne ke koya wa algoridim, maimakon ya riƙa kiwonka.

Idan Matador bai yi maka ba, akwai irinsa da yawa. Sub Pop na Seattle shi ya fitar da kundin Nirvana na farko a 1989. Domino na Landan shi ya fito da Arctic Monkeys. Partisan ya fitar da Deran na Bombino, wani makaɗin jitar daga Agadas, wanda ya kai shi takarar Grammy.

Batun data kuma, lissafin mai sauƙi ne. A matsakaicin inganci na Spotify, kilobit 96 a daƙiƙa, awa guda na cin wajen megabait 43. A mafi girman ingancin da aka saba, kilobit 320, ya kai wajen 144. Kundi mai minti 40 a matsakaicin inganci bai wuce megabait 30 ba, abin da za ka ƙone cikin 'yan mintuna kana zazzaga bidiyo a TikTok. Idan da iyafis na 'yan kuɗi kaɗan kake ji, da wuya kunnenka ya bambance matsakaicin da babban, don haka bar shi a matsakaici.

Da wajen megabait 60 za ka ji Funeral for Justice da Tears of Injustice duka biyun. Fara da na lantarkin, da rana, da ƙara. Na biyun ka bar shi sai dare, bayan an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit.